Haƙƙin Mai Tafiya a Ƙasa: Da Wane Aiki Ya Kamata Unguwa Ta Fara?

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Mai kowa Mai komai. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da duk wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya 'yan uwana matasa, yau ina so mu tattauna wani al'amari da ba kasafai ake jin sa a kan mumbari ba, wato gefen titi, ɗan daɓen nan da ake ware wa masu tafiya a ƙasa tsakanin kwalta da katangun gidaje. Mai yiwuwa wani ya ce wannan zancen injiniyoyi ne da ma'aikatar ayyuka, me ya haɗa shi da malamin Islamiyya? Amsar tana cikin Arba'una Hadisi ta Imamu Nawawi, wadda kusan dukkanmu mun haddace tun muna yara. A hadisi na 26, Manzon Allah (SAW) ya lissafa gusar da abin cutarwa daga hanya cikin sadakokin da ake so mutum ya riƙa yi kullum. A Sahihu Muslim kuwa ya ƙidaya shi cikin rassan imani, a jeri ɗaya da kalmar shahada, ita a sama, shi a ƙasa. Mun rera waɗannan hadisai a aji, mun ci jarrabawa da su, amma da yawanmu mun taƙaita ma'anarsu ga ɗauke ƙaya ko fasasshiyar kwalba. A birni irin Kano na yau, abin cutarwar da ke kan hanya ya wuce ƙaya nesa ba kusa ba: buɗaɗɗiyar kwata ce, da tarin yashi, da rumfa, da motar da aka kafe a inda mutane za su taka.

Abin da nake son tabbatarwa shi ne, tun da kuɗin unguwa da na hukuma ba za su taɓa isar dukkan ayyuka a lokaci ɗaya ba, wajibi ne a yi jeri, kuma ma'aunin jerin shi ne mafi raunin wanda ke bin hanyar.

Su Wane Ne Ke Tafiya a Ƙasa?

Ka tsaya a bakin kowane babban titi da misalin ƙarfe shida na yamma ka duba da kyau. Za ka ga yaran Islamiyya sun taso ayari-ayari, ƙanana riƙe da hannun yayyensu. Za ka ga tsoho yana dogara sanda zuwa masallaci, da mace da goyo ta fito daga asibiti, da makaho da ɗan jagoransa, da gurgu a kan kekensa, da ɗan garuwa yana tura kura. Bayan isha'i kuma ga matan aure da 'yan matan makarantun dare, sau da yawa cikin duhu idan babu wuta. Mu da muke sallamar ɗalibai kullum mun san cewa zuciyar malami ba ta kwanciya da ƙararrawar tashi, domin daga ƙofar makaranta zuwa ƙofar gida akwai kwatoci da ababen hawa da ba su san yaro ba.

Yawan masu tafiya a ƙasa kuwa ƙaruwa yake yi. Tun da aka hana acaɓa a birnin Kano a watan Janairun 2013, wanda ke cikin lungu sai ya tako zuwa bakin titi kafin ya sami adaidaita sahu. Da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, kuɗin mota ya tashi, mutane da yawa da a da suke hawa suka koma takawa.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na shekarar 2023, ta ce kimanin mutum miliyan 1.19 ne ke mutuwa duk shekara a haɗurran hanya, fiye da ɗaya cikin biyar daga cikinsu masu tafiya a ƙasa ne, kuma nahiyar Afirka ce ta fi kowace yawan mace-macen idan aka auna da yawan jama'arta. Haɗarin hanya shi ne kan gaba wajen kashe yara da matasa 'yan shekara 5 zuwa 29. Hukumar ta kuma nuna cewa idan mota ta buge mutum, barazanar mutuwarsa tana ninkuwa sau huɗu da rabi idan gudunta ya tashi daga kilomita 50 zuwa 65 a sa'a. Duk yaron da tarin bulo ko buɗaɗɗiyar kwata ta tilasta wa sauka kan kwalta, cikin wannan lissafi aka jefa shi. Mun yi imani da ƙaddara, amma wanda ya ƙaddara ajali shi ne ya umurce mu da riƙon sababi, kuma kare rai yana cikin manyan manufofi biyar na shari'a.

Abin Da Magabata Suka Fahimta

Kada ɗan uwa ya zaci wannan sabon tunani ne da muka aro daga Turai. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira (RA) cewa Annabi (SAW) ya yi hukunci, idan mutane suka yi saɓani kan faɗin hanya, a bar mata kamu bakwai, kusan mita uku da rabi a ma'aunin yau. Sun kuma ruwaito daga Abu Sa'idil Khudri (RA) cewa ya hana sahabbai zama a bakin hanya, da suka nuna ba su da wurin hira sai nan, ya yi musu rangwame bisa sharaɗin su ba hanya haƙƙinta, kuma kame cutarwa na cikin haƙƙoƙin da ya ambata. Abu Dawuda ya ruwaito cewa a wani yaƙi mutane sun cunkushe masauki sun tare hanya, sai Annabi (SAW) ya sa aka yi shela cewa wanda ya yi haka ba shi da ladan jihadi. Ka duba girman jihadi, amma tare hanya ya isa ya zubar da ladansa.

Imamu Gazali, wanda ya rasu a shekara ta 505 bayan Hijira, ya ware fasali a Ihya'u Ulumiddin kan abubuwan ƙi da ake yi a tituna. Ya ambaci gina dakali da kafa ginshiƙai da jibge kaya idan sun ƙuntata wa masu wucewa, da ɗaure dabbobi a hanya, da mahaucin da ke yanka a ƙofar shagonsa jini ya ɓata wurin, da zubar da shara da ɓawon kankana, da watsa ruwan da zai sa a zame, da indararon da ke zuba a kan matafiya. Wanda ya karanta fasalin zai rantse malamin ya zaga lungunanmu ne kafin ya rubuta. A mazhabarmu ta Malikiyya, Ibnur Rami, wani magini kuma masanin fiƙihu na birnin Tunis a ƙarni na takwas bayan Hijira, ya rubuta littafi sukutum kan hukunce-hukuncen gini, ciki har da wanda ya ci hanyar jama'a. A nan gida ma, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a cikin Usulus Siyasa, ya sanya kula da hanyoyi da kasuwanni da gadoji cikin ayyukan da ke wuyan shugaba. Ashe mu ne muka yi sakaci da gadonmu.

Na Farko: A Rufe Ramuka

Malaman ƙa'idojin fiƙihu sun ce tunkuɗe ɓarna shi ake gabatarwa a kan janyo amfani. Idan muka ɗora wannan ƙa'ida a kan titi, aikin farko shi ne wanda rashinsa ke karya ƙafa ko ya ci rai a yau: murfin kwatar da ya karye, kwalbatin da ya rufta, rodin da ya fito tsirara, ramin da aka haƙa don bututu aka tafi aka bari. A watan Agusta, lokacin da damina ta kankama, ruwa kan shafe kwata da titi su zama ɗaya, wanda bai san wurin ba ba zai gane inda ƙasa ta ƙare ba. Silab ɗaya na siminti da rodi a irin wannan wuri ya fi daɓen ƙawa mai tsawon layi guda amfani. Kuma lokacin yin sa shi ne watan Afrilu da Mayu, tare da yashe magudanan ruwa, kafin hadari ya haɗo. In ba haka ba sai mu yi ihu bayan hari.

Na Biyu: A Mayar Da Abin Da Aka Ci

Wannan shi ne mafi arha a aljihu, mafi nauyi a zuciya, domin mu ne masu laifin. A zangon gwamnati na 2011 zuwa 2015 an shimfiɗa intalok a gefen manyan titunan Kano da dama, an kafa fitilu. Je ka duba wasu daga cikinsu yau. Mai shago ya fito da kayansa har bakin kwalta, bakanike ya mayar da wurin gareji, mai gini ya sauke yashi da tsakuwa sun shekara, mai gida ya ɗaga gangaren shigar motarsa har ya zama katanga ga mai keken guragu, wani ya ajiye janareta, mu matasa kuma mun jera benci mun kafa majalisa. Kowane ɗaya cewa yake yi ɗan kaɗan ne. Haɗuwar 'yan kaɗan ɗin ce ta kori jama'a zuwa tsakiyar titi.

Bukhari da Muslim sun ruwaito narko mai tsanani a kan wanda ya zalunci ko da taƙi ɗaya na ƙasa, cewa za a rataya masa shi a wuya daga ƙassai bakwai ranar ƙiyama. Wanda ya ci filin maƙwabcinsa ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa ya nemi yafiya. Wanda ya ci hanya fa, wa zai nema? Duk wanda ya taɓa ratsewa saboda shi yana da haƙƙi a kansa, ciki har da baƙon da ya wuce sau ɗaya bai sake dawowa ba.

Sai dai a nan akwai buƙatar adalci. Mai shayi da mai ƙosai da mai tireda suna neman halak ne, kuma da yawansu da wannan tebur suke ciyar da iyali. Idan aka tashi gyara, su ake fara kora saboda ba su da gata, a ƙyale mai katafaren shagon da ya ci mita biyu da siminti, an bar jaki ana dukan taiki. Daidai shi ne a fara da gini mai dawwama kafin tebur mai ɗaukuwa, a ja layi a ce daga nan zuwa nan na masu wucewa ne, a nema wa masu ƙananan sana'a gurbi a inda wuri ke da faɗi. Malamanmu sun yarda mutum ya amfana da farfajiyar ƙofarsa matuƙar bai cutar da mai wucewa ba. Iyakar ita ce cutarwa, kamar yadda hadisi na 32 na Arba'una ya koyar da mu.

Na Uku: Gyara Kafin Sabo

Intalok a kan yashin da aka daddaɓe ake jera shi, kowane ɗaya yana riƙe da ɗan uwansa, bakin kuma an tokare shi da siminti. Da zarar an zare guda, ko bakin ya fashe, ruwan sama zai fara kwashe yashin ƙasa, na kusa su saki, kafin damina biyu wurin ya wargaje. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Aikin da magini ɗaya zai gama da hantsi, idan aka bar shi, sai ya zama kwangilar da za a shekara ana jira. Matsalar ita ce gyara ba shi da bikin buɗewa, ba a yanka ƙyalle, ba a ɗaukar hoto, shi ya sa ba ya burge ɗan siyasa, mu ma ba ma tambayarsa. An gina gadojin sama a Ƙofar Nasarawa da Dangi da Hotoro, sun kuma rage cunkoson motoci, babu mai musun haka. Amma mafi yawan mutanen gari ba su da mota, kuma tsohuwar da ke son tsallaka titi ba ta ƙaru da saurin da motoci suka samu ba. Idan 'yan takara suka zo neman ƙuri'a, ya dace su ji daga bakinmu cewa muna ƙirga murfin kwata kamar yadda muke ƙirga gada.

Na Huɗu: Idan Za a Yi Sabo, a Ina, Kuma Don Wa?

A fara da inda ƙafafu suka fi yawa kuma suka fi rauni: hanyar makarantun firamare da Islamiyyu, ƙofar asibiti, bakin kasuwa da tasha, da hanyar masallacin Juma'a. Layin da kowane gida ke da mota zai iya jira, ko da a nan mai faɗa a ji yake zaune. A kuma yi shi a haɗe, domin daɓen da ya yi tafiya kaɗan ya yanke a bakin kwata tarko ne ga makaho.

Ma'aunin ingancinsa shi ne mai keken guragu ya iya bi shi kaɗai ba tare da an ɗaga shi ba. Masana suna so faɗin ya kai kusan mita biyu domin keke biyu su iya giftawa, gangaren hawa kuma ya zama duk tsayin taƙi ɗaya an ba shi tsawon taƙi 12. Wannan haƙƙi ne har a dokar ƙasa. A watan Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wariya ga naƙasassu, wadda ta wajabta a mayar da gefen tituna da wuraren tsallakawa yadda za su iya amfani da su, ta ba da wa'adin shekara biyar, wa'adin kuma ya cika a Janairun 2024. Mu Musulmi ma ba mu buƙaci doka ta tuna mana ba. Abdullahi ɗan Ummu Maktum (RA) makaho ne, ya nemi rangwamen yin salla a gida, Annabi (SAW) ya umurce shi da amsa kiran salla tun da yana jin sa. Idan shari'a ta nemi makaho ya zo jam'i, to wa ke da alhakin hanyar da zai bi? A ƙara da dasa itatuwa inda wuri ya ba da dama, domin wanda ya taɓa takawa a ranar watan Afrilu ya san darajar inuwar darbejiya.

Maganar Masallatanmu

Nan ne na san wasu za su ji nauyi, amma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Mu mutane ne masu saurin buɗe aljihu idan aka ce masallaci, Allah Ya saka da alheri. Amma sau nawa aka tara kuɗi aka canja tayil mai kyau da wani, ko aka ƙara hasumiya, alhali kwatar da ke ƙofar masallacin a buɗe take, tsofaffi suna tsallakawa da asuba cikin duhu? Sau nawa aka faɗaɗa harabar masallaci ko wurin alwala aka shiga hanya, ruwan alwala yana malala inda mutane ke takawa? Malaman Malikiyya sun halatta sahun Juma'a ya fita titunan da ke haɗe da masallaci idan ciki ya cika, wannan lalura ce ta ɗan lokaci. Kafa gini na dindindin a kan hanyar jama'a wani abu ne daban, kyakkyawar niyya ba ta mayar da haƙƙin mutane halak.

A ra'ayin mafi yawan malamai ba a gina hanya da kuɗin zakka, domin Alƙur'ani ya iyakance masu cin ta gida takwas. Amma ƙofar sadaka mai gudana da waƙafi a buɗe take. Zubaida, matar Halifa Haruna Rashid, ta kashe dukiya mai yawa wajen samar da rijiyoyi da tafkuna da masaukai a hanyar alhazai daga Kufa zuwa Makka, har yau hanyar da sunanta ake kiran ta. Kuma Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin mutumin da ya janye reshen ƙaya daga hanya, Allah Ya gode masa Ya gafarta masa. Wanda yake son yi wa mahaifinsa da ya rasu sadaka, ya yi tunanin silab a ƙofar makarantar yara. Ba za a rubuta sunansa a jiki ba, wannan kuwa ya fi kusa da ikhlasi.

Abin Da Matasa Za Su Iya Yi

Kundin tsarin mulkin 1999, a jadawalinsa na huɗu, ya sanya gina tituna da magudanan ruwa da fitilun kan hanya da kula da su cikin ayyukan ƙananan hukumomi. A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa ba su kasonsu kai tsaye. Don haka kansila da ciyaman suna cikin waɗanda ya kamata a tambaya, ban da hukumomin jiha irin su KNUPDA mai kula da tsarin birni da KAROTA mai kula da zirga-zirga. Amma koke na baki, wanda kowa ke jan ruwa zuwa layinsu, ba ya zuwa ko'ina.

Shawarata ita ce ƙungiyar matasan unguwa ta ware safiyar Asabar guda, ku bi hanyar da yara ke bi zuwa makaranta da ƙafa, ku tafi da dattijo ɗaya da mai keken guragu ɗaya idan sun yarda, domin za su ga abin da ba za ku gani ba. Ku rubuta kowane rami da kowane cikas, ku ɗauki hoto da waya, ku jera su bisa girman haɗarinsu. Ku tambayi mata, su ne suka fi kowa sanin hanyar asibiti da ta makarantar dare, kuma su ne ba a gayyata taron ƙofar mai unguwa. Sannan ku kai wa mai unguwa da liman takardar, a karanta a gaban jama'a, a raba ta biyu: abin da aikin gayya da karo-karo za su iya, da abin da sai hukuma. Kafin ku taɓa babban titi ku nemi izini da shawarar magini, kada a rufe kwata ta yadda ba za a iya yashe ta ba. Wanda kaya ko rumfarsa ke kan hanya a same shi a keɓe, cikin ladabi, musamman idan sa'an mahaifi ne. Kuma kafin ku je wurin kowa, ku fara janye bencin majalisarku.

Allah Ya sa mu cikin masu sauƙaƙa wa bayinSa hanya, Ya kare yaranmu da tsofaffinmu a fitarsu da komowarsu, Ya jiƙan waɗanda suka rasu a kan tituna, Ya ba shugabanninmu ikon tsayar da adalci, Ya tabbatar da dugaduganmu a kan siraɗi. Allah ne mafi sani.